Fata daga Mutumin Garbadu

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Laraba da hantsi Baffa ya riga mu, bayan jinyar da ba ta cika wata biyu ba. Ƙanin mahaifina ne, ciki ɗaya. Mutanen waje Saje suke ce masa, don ya yi aikin soja cikin masu badujala, wato makaɗa da mabusan da ke yi wa sojoji kiɗan fareti. Da ya bar kaki ya dawo gida, sai ya shafe shekara talatin da ɗoriya yana koya wa 'yan makaranta ganga da begila, wato ƙahon soja, da farko a Maradun, daga baya a Bakura. Na zauna rubuta wannan ne don na ga yadda ake manta mutane. Sati biyu ana ta Allah ya jiƙan rai, a na uku an koma zancen farashin masara.

A gidanmu na gado da ke Talata Mafara aka yi masa sutura. Mu mata muna ciki, ba mu ga fitar makara ba, amma mun ji ta. Duk wadda ta taɓa zaman makoki ta san ƙarar fita da gawa: takalma na ja, wannan na sauri, wancan na tuntuɓe. Ta Baffa ba haka ta yi ba. Ƙafafu muka ji suna sauka tare, suna tashi tare, har suka sha kwanar masallaci. Gwaggo, ƙanwarsu da ta rage, ta tsaya da kukanta cak, ta kasa kunne.

"Ku ji min ja'iran ga," in ji ta. "Maci su ka yi da shi."

Ta fashe da dariya, dariyar ta koma kuka, mu ma muka taya ta duka biyun. Da maigidana ya dawo daga maƙabarta ya ce ba wanda ya shirya hakan. Tsofaffin ɗalibansa ne suka yi rububin kama makarar, na gaba ya jefa ƙafar hagu, sauran suka bi ba su ma sani ba. Liman ya dube su, ya dubi ƙafafunsu, ya ƙyale su.

An zo ta'aziyya, har daga Maradun, duk da hanyar yanzu ba a binta sai da addu'a. Akwai ɗan sanda, akwai malamin asibiti, akwai direban tanka, akwai wani dillalin shanu mai tumbi da ba za ka taɓa cewa ya rataya ganga ba. Kowa da labarinsa, kuma kusan duk labarin da ƙorafi yake farawa: wai Saje ya sa shi zagaya fili zangon karatu guda cur bai bar shi ya taɓa ko sandar kiɗa ba. Maƙwabtansa mata na Bakura suka ce yanzu sai sun sayi agogo, don da busar ƙarfe bakwai suke sanin lokacin ɗora koko. Matarsa kuwa cewa ta yi shekara arba'in tana fama, ba ta taɓa sa shi ya ƙara sauri ko ya rage ba. Tafiyarsa ɗaya ce, ko masallaci za shi, ko hadari ne ya taso an bar shanya a waje.

Mutum ɗaya ne bai ba da labari ba, shi ne Baba, mahaifina. Yana zaune a zaure yana amsa gaisuwa, an ce ya haƙuri ya ce sai godiya, an yi addu'a ya shafa. Kwanon da aka kai masa ranar farko haka aka dawo da shi, na rana ta biyu ma haka. Da la'asar ya aiko a kira ni soron ciki. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka shi da Baffa ba mai kama sunana, Uwata suke cewa, kuma na ci moriyar wannan suna, don ni kaɗai ke iya yi wa kowannensu faɗa in kwana lafiya.

"Uwata, ke kinka yi jinya tai. Bai ce komi ba a kaina?"

Na ce ya ce a yafe masa, shi ma ya yafe wa kowa.

"Wanga kowa na hwaɗin shi in za ya tahi," in ji Baba, ya kau da kai.

Na san abin da yake tambaya. So yake ya ji ko ƙaninsa ya tafi da wata magana da shi Baba ya yaɓa masa a bainar jama'a shekara talatin da suka wuce. Amsar tana bakina, amma Baffa ya ɗaure ni da alkawarin kada in faɗe ta. In na yi shiru, tsohon nan zai ci gaba da ƙin abinci yana cin kansa. In na faɗa, na ci amanar mamaci, kuma ban da tabbacin maganar ba za ta ƙara masa ciwo ba. Haka na tashi na bar shi, zuciyata ba daɗi.

Mu mahauta ne, kaka da kakanni. A gidanmu yaro kafin a ba shi wuƙa, hura ake koya masa. In an yanka akuya, sai a tsaga fatar ƙafar baya kaɗan, a zura tsinke a buɗe hanya, a kafa baki a yi ta hurawa har ta kumbura tim. Sannan a bubbuga ta da tafin hannu iskar ta ratsa ko'ina, fata ta rabu da nama, fiɗa ta zo da sauƙi. Gwaggo ta ce tun suna yara ba a taɓa ganin mai huhun Baffa ba. Abin da wasu ke yi da numfashi goma, shi da uku ya gama, sannan ya ɓata lokaci yana kiɗa a cikin akuyar har sai kakanmu ya daka masa tsawa. Shi da kansa yakan ce busa da kiɗa duk a kan akuya ya koye su, soja kaki kawai suka ƙara masa.

Yana saurayi ya bi motar masu ɗaukar kurata ba da sanin kowa ba. Kakanmu ya rasu yana can, nauyin gida ya faɗo kan Baba. Baba bai yi ƙorafi ba, don a ransa ƙaninsa yana can riƙe da bindiga, kuma ranar da ya gama zai dawo su tsaya tebur ɗaya. Da labari ya zo cewa Saje ya yi ritaya, Baba ya sa aka faɗaɗa rumfarsa a kasuwa, ya je maƙera aka ƙera sababbin wuƙaƙe uku. Ranar Talata, kasuwa ta cika, ya kama hannun ƙaninsa ya kai shi gaban abokan sana'a, ya nuna masa gefensa. A nan ne Baffa ya ce, cikin ladabi, ya riga ya karɓi aiki a wata makaranta a Maradun, zai koya wa yara kiɗan fareti. A nan ne kuma mutane da yawa suka fara jin cewa duk shekarun nan ƙaho yake busawa.

"Na aza soja ka tahi," in ji Baba. "Ashe maroƙi ka dawo muna."

Baffa ya ce bai taɓa roƙon kowa ba, bai taɓa busa sunan wani ba. Don ya sassauta abin, sai ya ƙara da wasa cewa ko bai tsaya tebur ba ai cinikinsu bai yanke ba, tunda ganga sai da fata, wurin Yaya zai riƙa saye. Da ya sani da bai yi wasan ba. Baba ya ɗaga wuƙar da ke hannunsa, ya rantse da Allah cewa ba za ta taɓa fatar da za a yi ganga da ita ba. Magana zarar bunu, ta fita a gaban mahautan Mafara kaf.

Ba su yi gaba ba, kada wani ya ɗauka haka. Suna gaisawa, suna sallar idi kafaɗa da kafaɗa, Baba ne waliyyin 'ya'yan Baffa mata duka. Amma kalmar ganga ba ta sake shiga tsakaninsu ba. In an zo faretin ranar yara a Mafara, gari ya ɗauka, kowa ya tafi kallo, Baba sai ya tuna yana da sa da zai duba a wani ƙauye.

Shekarar farko a Maradun Baffa ya sha wuya. Ganguna shida ya tarar a sito, huɗu a fashe, ɓeraye sun yi gida a babbar. Ya sayo fatu a kasuwa, amma fatar da aka feɗe don nama ba ta yin ganga. Mai fiɗa yana sauri, wuƙa ta ɗan lashe ta nan da can, ido ba ya gani, sai an ɗaure ta tam an kai mata sanda ta yage daga wurin. Sau uku yana ɗaurawa suna fashewa. Ana saura wata guda fareti, sai ga Gwaggo ta sauka daga motar Maradun da ƙunshi a ka. Fatun jar akuya ne, da ta wani ƙaton taure don babbar ganga, ko ƙwarzane babu. Ta ce wani mutumin Garbadu ne, abokin marigayi mijinta, ya ji labari ya ce a kawo sadaka. Baffa ya juya su, ya ɗaga su a rana, ya ce a gaishe da mutumin Garbadu da kyau.

Babu wani mutumin Garbadu. Baba ne ya kwana biyu yana jin ana dariyar ƙaninsa a kasuwa, wai sojan da ganga ta gagara, abin ya tsaya masa a rai. Ya zaɓi dabbobin da kansa, ya kai su bayan gida inda ba kowa, ya feɗe su kusan ba wuƙa, da dunƙulallen hannu yake bi yana raba fata da nama. Sannan ya je wurin malamin unguwa ya ce ya karya rantsuwa. Malam ya ce ya ciyar da miskinai goma. Da shekara ta zagayo ya sake aika fata, ya sake komawa, malam ya ce ai rantsuwa ɗaya kaffara ɗaya, an wuce wurin. Baba ya ce shi dai hankalinsa bai kwanta ba. Tun daga nan, duk shekara, Juma'ar da ke bin tafiyar fata, sai an tuƙa tuwon shinkafa da miyar nama zuƙu-zuƙu an tara mutum goma a zaurenmu. Mu yaran gida mun taso muna ɗauka sadakar kakanmu ce.

Abin da ya fi ba mu dariya a lokacin shi ne, ranar tuwon nan ba ta taɓa wuce Baffa ba. Ba a aika masa, ba a gaya masa, amma ana sauke tukunya sai ka ji ƙararrawar kekensa. Ya jingine shi, ya yi sallama, ya wanke hannu, ya kutsa tsakanin makafi da guragu ya zauna. Baba ya haɗe rai ya ce abincin miskinai ne. Baffa ya ce malamin makaranta ai shi ne shugabansu, a ƙirga shi na goma sha ɗaya. Ya ci, ya suɗe hannu, ya nemi ƙari, ya yi wa mai gida addu'a doguwa har sai Baba ya gaji ya tashi.

Haka yake, ba ya ɗaga murya amma ba a kayar da shi. Hannunsa ba ya zama wuri ɗaya: faranti, sirdin keke, murfin randa, duk ganga ne. Jariri in ya ƙi barci a miƙa masa, ya kifa shi a cinya ya riƙa buga masa maci a baya da yatsu biyu, ba a minti biyar an yi shiru. Begilarsa da toka da lemun tsami yake goge ta duk Asabar, ya nannaɗe a tsohon rawani, kuma ko matarsa ba ta isa ta ɗaga ta don shara ba. Yana da fitina irin tasa. In maƙwabta na lugude a turmi ɗaya suka saɓa hannu, ba ya iya daurewa, sai ya je jikin katanga ya tsaya yana ƙirga musu, ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, har wata tsohuwa ta taɓa watso masa ruwan tsari. Kunnensa na hagu ya mutu tun a bariki, kuma na lura duk mai zuwa da maganar da ba ya so, ta wannan gefen yake zaunar da shi.

'Yan siyasa sun sha zuwa neman yaransa su yi musu kiɗa a taro. Yakan ba su kujera, ya sa a kawo ruwa, ya saurare su da kunnen hagu, sannan ya ce yaran na makaranta ne, ba 'yan amshin kowa ba. Biki ma bai taɓa zuwa da begila ba, har nawa, kuma na yi fushi da shi sati guda a kan haka. Sai da na girma na gane kalmar nan ta kasuwa ce yake ta ba amsa, shekara da shekaru, ko da mai maganar ba ya wurin.

Zancen yaƙi ba ya yin sa. Sau ɗaya na matsa masa, ya ce shi bai taɓa harbin kowa ba. Su masu badujala su ke busa wa mutane su tafi, kuma in an fara faɗuwa su ake ba gadon ɗaukar masu rauni su kwaso su. Ya ce wanda ya ɗauki mutum a kafaɗa ya san ba a tafiya da saurin mai lafiya. Daga nan ya canza zance ya tambaye ni ko akwai sauran fura.

Ban fahimci nauyin maganar ba sai a zaman makokin nan, da wani malamin firamare daga Dakko ya nemi a shigo da shi ya yi wa matar Baffa gaisuwa. Magidanci ne mai furfura a gemu, yana ɗingishi, shan inna ya taɓa masa ƙafa tun yana goye. Ya ce shekarar da aka yi gasar fareti ta makarantu a Mafara, shi ne mai begila na farko a Bakura. Hedimasta ya ce a bar shi a gindin bishiya ya riƙa busawa daga can, kada ya ɓata layi a gaban alƙalai. Saje bai yi musu ba. Da aka kira su, sai ya sa shi a sahun gaba, ya ɗaga sanda, ya ba mai babbar ganga kiɗa a hankali, daidai takun ƙafar yaron mai ciwo. Yara sittin suka ratsa filin nan da tafiyar mutum ɗaya. 'Yan kallo suka yi ta dariya, wai makarantar Bakura ba ta karya kumallo ba. Su suka zo na ƙarshe, hedimasta ya yi wata bai amsa gaisuwar Saje ba. Mutumin ya ce shi dai tun da aka haife shi, ranar ce kaɗai ya yi tafiya cikin mutane ba wanda ya jira shi, ba wanda ya wuce shi. Ya kasa ƙarasa addu'ar da ya fara, matar Baffa ce ta ƙarasa masa.

Da gwiwoyin Gwaggo suka gaza, ni ta damƙa wa sirrin, tunda aure ya kai ni Bakura, gidana da na Baffa layi biyu ne tsakani. Ta ja mini kunne cewa Baba ya ce ranar da ƙaninsa ya ji, ranar ya daina. Shekarar farko na kai ƙunshin, na karanto ƙaryata yadda aka koya mini, har da ƙarin cewa mutumin Garbadu na fama da ciwon baya. Baffa ya shimfiɗa fatar a tsakar gida, ya jiƙa hannu yana shafa ta, ya ce Allah ya ba shi lafiya. Sannan ya kama ƙafar baya ta hagu ya nuna mini 'yar tsagar da aka hura.

"Uwata, duba nan. Duk mahaucin ƙasar ga ƙahwar dama ya ka tsagawa. Bahago guda na sani, kuma gado guda munka kwana ni da shi."

Na ji kunya ta rufe ni. Na tambaye shi tun yaushe ya sani, ya ce tun ƙunshin farko da Gwaggo ta sauke a Maradun. Na ce to tuwon fa? Ya yi dariya har da tari, ya ce lissafin ba wuya, fata ta zo, Juma'a akwai tuwo. Ya ce tunda saboda shi ake kaffarar, ai ba daidai ba ne a ci babu shi. Daga nan ya daina dariya. Ya ce in yi masa alkawari ba zan taɓa gaya wa Baba ba, ko yana raye ko ba ya raye. Yaya da girmansa yake tsaye, in ji shi, ya yi rantsuwa a gaban mutane, kuma abin da ya rage masa shi ne ba wanda ya san ya karya ta. Kada in tuɓe masa rigarsa. Na yi alkawari, kuma shekara tara ina riƙe da shi.

Bana damina ta shiga sito ta jiƙa babbar ganga, fatar ta ruɓe ta fashe. Baffa ya kwance ta, ya wanke da'irar, ya jingine yana jiran saƙon Garbadu, sai ciwo ya riga saƙon zuwa. A asibiti ya fi damuwa da gangar a kan allurarsa. Sabon hedimasta ya ce ko dai a sayo ta roba in an samu hali, ko a haƙura da faretin bana. Shi kuwa Baba shekara biyu ke nan bai riƙe wuƙa a kasuwa ba, hannunsa na rawa, yayyena ke tsaye a tebur. Fatun ƙarshe ma da ƙyar ya fitar da su.

Ranar uku da safe aka kawo tauren sadaka, ja, ƙato. Yayana ya yanka a bayan gida, ƙanena ya ɗauko famfon keke, don yanzu da shi ake hurawa. Ina tsaye da bokitin ruwa sai ga Baba ya fito yana dogara sanda, ya ce kowa ya ja da baya. Ya durƙusa da ƙyar, ya kama ƙafar hagu ya tsaga, ya zura tsinke, ya kafa baki. Ya hura sau ɗaya, sau biyu, fatar ko motsi. A na uku tari ya sarƙe shi har sai da na riƙe masa kafaɗa. Ƙanena ya miƙo famfo, Baba ya ture shi da gwiwar hannu. Ya zauna yana haki, idonsa ya kaɗa, ni kuma na ji kamar in nutse don tausayi.

Can ya ce a kira masa malamin nan na Dakko, mai ɗingishi, yana zaure tun shekaranjiya. Da ya zo ya durƙusa ya gaishe shi, Baba ya tambaye shi ko gaskiya ne Saje ya koya masa busa. Ya ce shi ne. Baba ya miƙa masa ƙafar tauren ya nuna masa inda zai sa baki. Mutumin bai taɓa yi ba, amma ya cika ƙirji yadda aka koya masa, ya saki iskar a hankali ba yankewa. Numfashi huɗu tauren ya tashi tim. Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya sa tafin hannu ya bubbuga cikin, ya karɓi wuƙa. Rawar hannun ba ta daina ba, don haka tsagar farko kawai ya yi da ita ya ajiye, sauran duk da dunƙule ya bi. Ya fi awa guda a kanta. Fatar ta fita ɗaya, ko ƙwarzane babu.

Ya sallami mazan, ya naɗe ta ya miƙo mini. Ya ce a jiƙa ta da toka kwana uku, a kankare gashin da bayan wuƙa, kuma in an ɗaura kada a shanya a rana, a inuwa za ta bushe. Ya ce in kai makaranta in ce mutumin Garbadu ne, sai ya tsaya a tsakiyar maganar, don ya tuna wanda ake ɓoye wa ba ya nan. Ya sunkuyar da kai. Ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, shekara talatin yana da bakin da zai ce masa ya janye kalmar nan, bai ce ba, yanzu ya tafi yana ganin yayansa na ƙyamar sana'arsa.

A nan na karya alkawarina. Na warware fatar a gabansa, na kama ƙafar hagu na nuna masa tsagar, na faɗa masa abin da Baffa ya faɗa mini, kalma da kalma, har da gadon da suka kwana. Ban san ko zai ji an shekara talatin ana yi masa dariya ba.

"Tun yaushe?"

"Tun ta farko, Baba."

Ya dubi hannunsa na hagu. "Da tuwon?"

"Da tuwon."

"Ja'iri," in ji Baba. "Shi ya sa kullum sai ya nemi ƙari."

Ya fara dariya, kafaɗunsa na girgiza, sai hawayen da bai yi ba ranar Laraba suka zo, ya bar su suka zuba, ni ma ban hana nawa ba. Da ya natsu ya share fuska da hannun riga, ya naɗe fatar da kansa ya ɗora mini a hannu.

"Ki ce musu daga yayan Saje ta hito. In sun tashi fareti a aiko a hwaɗa min rana." Ya yunƙura ya kama sandarsa. "Kuma ki duba ko akwai sauran koko."

Baffa, na saɓa maka, ka yafe wa uwarka. Allah ya jiƙanka da rahama, ya yalwata maka makwanci, ya sa ka cikin sahun da ba a barin kowa a baya. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani. Fatar tana rataye a inuwar sito a Bakura, malamin Dakko ya ce zai zo ranar Asabar ya ɗaura ta.